Amsa ga mai tambaya kan riƙe bindiga a gida idan 'yan sanda suka zo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi gida a bayan garin Houston da ke jihar Texas ta Amurka, kana da ƙaramar bindiga da ka mallaka ta halas, kuma kana so ka san ko za ka iya fitowa da ita a ƙugu ko a hannu idan 'yan sanda suka ƙwanƙwasa maka ƙofa da dare, tunda cikin gidanka kake. Na daɗe a Texas, na yi kwas ɗin lasisin riƙe bindiga, ga abin da na sani.

A doka kana da gaskiya. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2008, a shari'ar Heller, cewa mutum na da 'yancin ajiye bindiga a gidansa don kare kai. A Texas ba a neman lasisi kafin ka riƙe ta a cikin gidanka ko farfajiyarka, kuma tun Satumbar 2021 ko a waje ma an ɗage sharaɗin lasisi ga wanda ya kai shekara 21, in dai doka ba ta haramta masa ba. To amma dokar da ta ba ka izinin riƙewa daban, dokar da ake auna ɗan sanda da ita idan ya harbe ka daban. Shi ana duba hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Graham a 1989 ne: shin ɗan sanda mai hankali, a wannan yanayi, zai ga akwai barazana ga ransa? Ba wanda zai tsaya duba rasidinka a lokacin.

Ka dubi abin da ya faru da Roger Fortson, sojan sama mai shekara 23, a Florida a watan Mayun 2024. Wani jami'in tsaro ya buga masa ƙofa, ya buɗe da bindiga a hannu, bakinta na kallon ƙasa. Cikin daƙiƙu jami'in ya buɗe masa wuta. An kori jami'in daga aiki, an tuhume shi, amma yaron ya riga ya tafi. A nan Fort Worth, a Oktoban 2019, Atatiana Jefferson ta ji motsi a bayan gida da tsakar dare, ta ɗauko bindigarta ta leƙa taga, ɗan sanda ya harbe ta daga waje. Maƙwabci ne ya kira don ya ga ƙofa a buɗe, da nufin alheri. An ɗaure ɗan sandan kusan shekara 12. Na Robert Dotson a New Mexico a 2023 ya fi ban takaici: 'yan sanda ne suka yi kuskuren adireshi suka je gidansa, ya buɗe ƙofa da bindiga, suka kashe shi, kuma ba a tuhumi kowa ba. Dukkansu a gidajensu suke. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Mu kuma baƙaƙen fata ne, da yawanmu Turancinmu na da karin harshe, ba sai na yi dogon bayani ba.

Malamin da ya koyar da mu, tsohon ɗan sanda ne, abu ɗaya ya yi ta nanatawa: ba dole ba ne ka buɗe ƙofa. In ba su da waranti daga alƙali, kuma babu wani abin gaggawa kamar ihu ko wuta, kana iya magana da su ta bayan ƙofa ko ta kyamarar ƙofa. In kana shakkar ko su ne, kira 911 ka ba da adireshinka, mai ɗaukar waya zai tabbatar maka. Da zarar ka tabbatar, mayar da bindigar cikin akwatinta, kunna fitilar waje, sannan ka fito hannu biyu a fili ka ja ƙofar a bayanka. Haka na yi ranar da ƙararrawar tsaron gidana ta tashi ba dalili suka zo dubawa. Da ɗayansu ya tambaya ko akwai makami a gidan, na ce akwai, yana kulle a ɗaki. Bai ƙara komai a kai ba.

In kuwa suka riske ka a farfajiya tana ƙugunka, kada hannunka ya je wurin, ko da niyyar ajiyewa ce. Ka faɗa da baki cewa kana ɗauke da bindiga a gefen dama, ka tambaye su yadda suke so ka yi. Dokar Texas ta ba su damar karɓe ta na ɗan lokaci don tsaron kansu, ka bari su cire da kansu. Kuma ka sani, dokar kare gida da ake ta yi wa kirari ba ta halatta maka yin amfani da ƙarfi don hana kamu ko bincike ba, ko da kana ganin ba bisa ƙa'ida suke yi ba. Ka ce ba ka yarda da binciken ba, ka yi shiru, sauran aikin lauya ne.

Wani abu da ba ka ambata ba: takardunka. Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, na iya mallakar bindiga. Wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara kuwa, dokar tarayya ta hana shi sai da wasu 'yan togaciya, kamar lasisin farauta. 'Yan'uwanmu ɗalibai da ke cikin wannan zaure su kula da wannan sosai, don kuskure a nan na iya kai mutum gidan yari, daga can a sa shi a jirgi. Na wasu jihohin kuma kada su ɗauki maganata ta Texas su tafi da ita. A Michigan, misali, mai lasisi dole ya sanar da ɗan sanda nan take ko ba a tambaye shi ba.

Ka zaunar da maiɗakinka da manyan yaranka ku tsara wanda zai je ƙofa da wanda zai riƙe waya, tun kafin ranar ta zo. Allah Ya tsare mu.