Amsar kawu daga zangon Kumasi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso tare da gaisuwar mutanen Argungu, mun amsa. Tambayarka ta farko ta ba ni dariya: wai yaya aka yi Musulmi ɗan'uwanmu, Mahamudu Bawumia, ya nemi shugabancin Gana a 2024, mu mutanen zango muna ji muna gani ya faɗi? Ka ce a wurinku da tun a masallaci an gama magana.

Zango ba Kabi ba ne. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su, suka sauka a ƙasar Asante, kuma mai zaman baƙunta ba ya manta wanda ya taɓa nuna masa ƙofa. A 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. An cika motoci da mutanen da a nan aka yanke musu cibiya. Jam'iyyar Bawumia, NPP, daga gidan siyasar Busia ta fito, tsofaffinmu kuwa har gobe suna ba jikoki labarin. Shi ya sa a tsakiyar Kumasi, inda NPP take da ƙarfi, mazaɓarmu ta Asawase ta daɗe a hannun abokiyar hamayyarta, NDC.

Amma a wannan karo bashi ne ya yanke hukunci. Bawumia ya yi shekara takwas yana mataimakin shugaban ƙasa, kuma shi ne jagoran kwamitin tattalin arziki. Gwamnati ta yi ta ciwo bashin dala daga kasuwannin waje har ƙofar ta rufe. A 2022 sidi, kuɗin Gana, ta zube, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, a watan na Disamba kuma aka dakatar da biyan yawancin bashin waje. Sai aka waiwayo kan 'yan ƙasa da suka ba gwamnati rance, aka musanya musu takardu da wasu masu dogon wa'adi da ƙaramar riba, abin da jama'a suka kira aski. 'Yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Ankara, babban birnin Gana, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa Sophia Akuffo. A Mayun 2023 hukumar ba da lamuni ta duniya, IMF, ta amince da rancen dala biliyan 3, da sharuɗɗanta. Mu da ba mu da takardun rance, a kasuwar Kejetia muka biya namu kason. Gwaggonka mai koko da ƙosai za ta sayar da safe, da yamma cinikin bai isa ya sayo mata waken gobe ba. Ka je ka ce mata ta zaɓi mutum don yana salla.

Gaskiya dai dole a yaba masa: washegarin zaɓe, kafin hukuma ta bayyana sakamako, ya kira John Mahama na NDC, wanda ya kayar da shi, ya taya shi murna. Mulki ya sauya hannu ta akwati a 2000, 2008, 2016, ga kuma 2024. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Wanda aka zaɓa yakan tarar an riga an ɗaure masa kasafi, masu bin bashi ne a gaban layi, asibiti da makaranta a baya. Matasa na gani. Ranar rantsar da Mahama, da aka ambaci Ibrahim Traore na Burkina Faso, filin ya ɗauki tafi da sowa, ga shi soja ne da ya hau da bindiga. Ku da kuke maƙwabtaka da Dosso kun fi ni sanin irin wannan hira tun juyin mulkin Nijar na 2023. Ku ma an yafe muku dala biliyan 18 a 2005 zamanin Obasanjo, yau ina aka kwana? Ga tsohon gwamnanku Atiku Bagudu ya riƙe ma'aikatar kasafi, ku riƙa tambaya nawa ke tafiya wajen biyan bashi.

Tambayarka ta biyu kuma, wai yaya muke yi da Kirsimeti a nan, kwantar da hankalinka, ba ma zuwa coci. Maƙwabta kan aiko mana da shinkafa ko kaza mai rai mu yanka da kanmu, mu kuma da babbar salla mu kai musu nama. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya ziyarci wani cocin Katolika a Ankara a 2019. Disamba a wurinmu watan aure ne, don makarantu na hutu, 'ya'yanmu na Jamus da Italiya da Amurka kuma lokacin suke samun zuwa. Asabar ɗaya sai ka halarci ɗaurin aure uku.

Bana ma hakan ne. An ɗaura auren autarmu, an yi walima daidai ƙarfi, ba mu ci bashi ba, ko da yake matan gida sun so a ƙara kwana guda na biki. Yayanka ya zo daga Hambog da iyalinsa. Yaran na jin Hausa amma da Jamusanci suke amsawa, abin na damuna. Babban jikana ya sauke Alƙur'ani. Gwiwar gwaggonka ta yi sauƙi.

Ka gaya wa mahaifiyarka turmin atamfar da ta ce a sayo mata yana nan, zan ba direban da ke zuwa ta Kamba bayan sabuwar shekara. Ka turo lambar wanda zai karɓa.