Ɗana dogo ne amma ba nauyi: in ba shi maganin ƙiba kafin kociyoyin jami'a su gan shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston da iyalina. Ɗana shekararsa 16, saura masa shekara ɗaya da rabi ya gama sakandare, kuma shi ne takul na hagu (mai tare abokan hamayya a gefen hagu na layin gaba) a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantarsu. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 5, nauyinsa laba 245. Abokan wasansa biyu sun samu tayin gurbin karatu daga jami'o'i, shi ko wasiƙa ba a aiko masa ba. An ce mana sai ya kai laba 300 kafin sansanonin gwaji na watan Yuni, ga shi saura wata biyar. Gwaggonsa a gida ta ce za ta aiko da "sha ka fashe", wani a wurin ɗaga ƙarfe ya ce akwai allura, wani kuma yana neman dala 3,000 ya haɗa mu da kociyoyi. Yaron ya daina barcin kirki, da dare yana ɗura abinci har ya yi amai. Hankalina a tashe yake. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, ɗauki waya ka kira gwaggon nan, ka yi mata godiya, ka ce ta bar maganin a inda ta gan shi. Mai allura kuma kada yaron ya sake tsayawa kusa da shi. Sauran maganar mai sauƙi ce, domin abin da kake gani a matsayin naƙasu, shi ne abin da mai horar da 'yan katangar gaba, wato 'yan wasan da ke jeruwa a gaba suna tare abokan hamayya, yake yawo gari-gari yana nema.

Dogon yaro mai shekara 16 wanda bai tara teɓa ba, kadara ne. Nauyi kowace jami'a tana iya ɗora wa yaro, suna da ɗakin abinci na 'yan wasa, da masanin abinci, da kocin ɗaga ƙarfe. Tsawon hannu, faɗin kafaɗa, saurin ƙafa da laushin ƙugu kuwa ba a sayar da su a ko'ina. Na sha tsayawa a sansanonin nan ina kallon yadda ake yi. Koci zai sa yaro ya miƙa hannu, a ɗora tef daga kan kafaɗa zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya, ana fatan a ga inci 33 ko sama ga mai buga takul. Zai ce masa ya tsuguna, shi kuma ya zagaya bayansa yana kallon dunduniya: ta zauna daram a ƙasa ko ta ɗaga? Zai dubi wuyan hannu da idon sawu, ya saci kallon tsawon uban da ya rako yaron, wani ma har lambar takalmi yake tambaya. Ana hawa sikeli, ba a ce ba a hawa, amma lambar da ya nuna ita ce mafi arha cikin duk lambobin ranar.

Dubi zaɓen 'yan wasa na 2013 na NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka. Wanda aka fara ɗauka, Eric Fisher, siririn yaro ne lokacin da ya shiga Central Michigan, manyan jami'o'i ba su ko waiwaye shi ba. Wanda aka ɗauka na huɗu, Lane Johnson, kwatabak (mai jefa ƙwallo) yake bugawa a sakandare da ƙaramar kwalejin Kilgore, sai da ya je Oklahoma aka yi ta sauya masa wuri har aka dire shi a takul. A gwajin NFL ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.72 da nauyin laba 303. Wannan nauyin an gina shi ne a kan jikin ɗan wasa mai gudu, shekara bayan shekara. Jason Kelce ma ba da gurbin karatu na kyauta ya shiga jami'ar Cincinnati ba, kuma a ɓangaren tsaro ya fara kafin a mai da shi santa, wato na tsakiyar katanga.

To bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na haɗu da shi. Mutanenmu sun ɗauka wannan matsayi na masu ƙiba ne, duk wanda ya fi tumbi shi ya fi iya tare hanya. Saboda haka ake turke yaro kamar ragon layya, a yi ta tura masa abinci da lemon kwalba da tsakar dare. Alhaji, daga laba 245 zuwa 300 kilo 25 ke nan. Jikin ɗan Adam ba ya gina tsokar kilo 25 a wata biyar. Abin da zai tara kitse ne da ruwa, kuma a ranar gwaji kowa zai gani. Yaron da aka cusa wa nauyi da gaggawa ba ya iya lanƙwasa gwiwa, sai ya lanƙwasa baya, kansa ya yi gaba, nauyinsa ya koma kan yatsun ƙafa. Mai kawo hari ya ja rigarsa sau ɗaya kawai, sai ka gan shi rub da ciki. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ta gargajiya ya san wanda ya shiga ƙarƙashin ƙugun abokin karawarsa shi ke kayarwa, ko da ɗayan ya ninka shi jiki. Shi ya sa jami'ar Iowa take son 'yan kokawa. Tristan Wirfs zakaran kokawa ne na jiharsu tun yana sakandare, ga jifan dalma da faifai, kuma Tyler Linderbaum, wanda ya ci kyautar gwarzon santa na jami'o'i a 2021, shi ma daga tabarmar kokawa ya fito.

Shi kuwa "sha ka fashe", sunansa ma ya isa gargaɗi, amma ba a ji. Abin da ake yawan haɗawa a ciki dexamethasone ne da cyproheptadine. Na farkon magani ne na gaske da likita ke bayarwa don kumburi da wasu cututtuka, amma in aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba, yana tara kitse a fuska, ciki da ƙeya, yana riƙe ruwa a jiki, sannan yana cinye tsokar cinya da ta ƙugu. Ka ji fa, cinya da ƙugu, wato ainihin jarin ɗan katanga. Yana raunana ƙashi, yana iya kashe kan ƙashin ƙugu, yana tayar da sukari da hawan jini, yana kuma iya tsayar da girman yaron da bai gama tsawo ba. Na biyun kuma yana buɗe ciki ne ya sa barci da kasala, yana kuma iya rage gumi, ga wanda zai sa kwalkwali da sulke ya yi atisaye a zafin Texas na watan Agusta. Na taɓa ganin wani yaro ya dawo daga hutu fuskarsa ta yi tulu kamar an hura, ga jan zane a gefen cikinsa, sikeli ya ƙaru, iyaye suna murna. Da aka ce ya tashi daga tsugune ba tare da dafa gwiwa ba, ya kasa. Duk kakar wasan a benci ya yi ta. In har ɗanka ya riga ya fara sha a ɓoye, kada a yanke masa lokaci ɗaya, hakan ma haɗari ne. A kai shi wurin likita da kwalin maganin a hannu, a rage masa a hankali.

Allurar wurin ɗaga ƙarfe kuwa, galibi sinadarin gina tsoka ne da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta haramta. Duk wanda gwaji ya kama, shekara guda cur zai yi ba ya wasa, ban da illar da take yi wa zuciya, hanta da 'ya'yan maraina. Mai sayar da ita ba zai zo asibiti ya zauna da kai ba.

Kuma ba maganar rasa gurbi kaɗai nake yi ba. Manyan jiki su zafi ya fi kamawa. Korey Stringer, takul ɗin Minnesota Vikings, zafin atisaye ya kashe shi a watan Agustan 2001. Jordan McNair, ɗan katangar jami'ar Maryland mai shekara 19, ya yanke jiki a wurin atisaye ranar 29 ga Mayun 2018, ya rasu ranar 13 ga Yuni, kuma bincike ya nuna ba a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara ba, alhali wannan ne matakin da ke ceton rai in an yi shi da wuri. Waɗannan 'yan wasa ne masu likitoci a kusa. Mu kuma muna da wani ƙarin nauyi da ya kamata ka sani: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana kuma iya buga wasan har ya yi fice, amma gudu mai tsanani babu hutu, ga zafi, ga ƙishirwa, yana iya sa ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe ya faɗi. Tun 2010 NCAA ta shigo da gwajin sikila ga 'yan wasan rukuni na ɗaya, wato mataki mafi girma na wasannin jami'o'i, bayan rasuwar wani ɗan wasan jami'ar Rice a 2006. Kada ka jira jami'a. Ka san nau'in jininsa yanzu, ko yana ɗauke da AS ko a'a, ka gaya wa mai kula da lafiyar ƙungiyarsu.

Abin da zai yi daga nan zuwa Yuni ba wani sirri ba ne. Abinci na gaske sau huɗu ko biyar a rana, nama, ƙwai, wake, madara, shinkafa, tuwon mahaifiyarsa ma ya wadatar, ba sai an sayo garin gwangwani mai tsada ba. In yana ƙara rubu'in kilo zuwa rabin kilo a mako, ya isa. Barcin awa takwas zuwa goma. Ɗaga ƙarfe a gaban kocin da ya san aikinsa, da tsallen igiya, da ƙwallon kwando ko kokawa ko jifan dalma a lokacin da ba a kakar wasa. In ya je sansani da laba 260 yana tsuguno har ƙasa yana zamewa gefe kamar ruwa, ya fi mai laba 300 da ke haki tun zagayen farko. Cin abinci har amai da rashin barcin nan kuma kada ka ɗauke su wasa, ka zauna da shi, ka nuna masa ba sikeli kake so ba, shi kake so, in abin ya ci gaba a ga likita.

Mai neman dala 3,000 ka ce masa Allah ya ba da sa'a. Kocin jami'a na gaskiya ba ya sayar da gurbi ta hannun dillali. Bidiyon wasansa a Hudl, shafin da 'yan wasa ke ɗora bidiyonsu, minti uku zuwa huɗu, mafi kyawun wasanni a farko, da imel daga yaron kansa zuwa ga kocin 'yan katanga, da kiran waya daga kocinsa na sakandare, su ne hanyar, kuma kusan kyauta suke. Ku zaɓi sansani uku ko huɗu na jami'o'in da suka dace da matakinsa. Taurarin da shafukan intanet ke liƙa wa yara a matsayin makin ƙwarewa kada su hana ka barci, a kan 'yan katanga suka fi yin kuskure saboda jikinsu bai gama fitowa ba. Tun da aka buɗe ƙofar sauya jami'a a 2018, manyan makarantu sun fi son ɗauko ɗan shekara 21 da wata ƙaramar jami'a ta riga ta gina, don haka kada ku raina tayin ƙaramar makaranta. Cody Mauch ba da gurbin kyauta ya shiga North Dakota State ba, ba ma a katanga ya fara ba, amma a zagaye na biyu aka ɗauke shi a 2023.

Takardu su ne abin da ke kayar da yaranmu a ɓoye, kuma ofishin tantancewa na NCAA ba ya jin roƙo. Darussa 16 na wajibi, da matsakaicin maki (GPA) da bai gaza 2.3 ba a cikinsu ga rukuni na ɗaya. In ɗanka ya yi wani ɓangare na sakandare a Najeriya, ka nemo takardun makarantar tun yanzu, don aika su da tantance su yana cin watanni. Gobe da safe ka je ofishin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu ka ce a ƙirga maka darussan nan ɗaya bayan ɗaya a gabanka, daga can ku wuce gwajin jini.