Jakar kaya a bayan motar kwana: me za a zuba mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bas ƙirar Hiace da na cire wa kujerun baya, na sa gado da ɗan wurin girki. Mukan fita da iyali daga Jos zuwa Yankari, wani lokaci Abuja. Yanzu ciki ya cika maƙil. Na ga jakunkunan da ake ɗaurawa a bayan mota, ina so in sayi ɗaya in zuba janareto da tukunyar gas da jarkar ruwa biyu. Ya ka gani? Daga mai karatu a Rikkos, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka sayi jakar, tana da amfani, amma cikin kayan nan da ka lissafa babu wanda ya kamata ya shige ta.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka biyu masu lita 25 kilo 50 ke nan. Tukunyar gas mai cin kilo 12.5, in ka haɗa da ƙarfenta, takan kai ninkin haka. Ƙara janareto, ka doshi kilo 100. Kuma inda za ka ɗora su ya fi nauyin kansa damuna. Ka ga kurar mai ruwa idan an tara jarkoki a ƙarshe ɗaya, yadda ɗaya ƙarshen ke ɗagawa? To haka mota take. A ce tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 3 ne, jakar kuma tana mita 1.5 bayan tayoyin baya. Kilo 100 a wurin nan zai danna tayoyin baya da kilo 150, ya sauke kilo 50 daga na gaba. Tayoyin gaban nan kuwa su ne sitiyarinka, su ne kuma mafi yawan burkinka. A miƙaƙƙen titi ba lallai ka ji komai ba. Sai ka zo kwanonin Hawan Kibo, ga ruwan Agusta ya jiƙa kwalta, ka ji sitiyari ya yi sako-sako a hannunka.

Don haka abu mai nauyi ya zauna ciki, a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure. Janareto a juye masa mai kafin a shigar da shi, kuma kada a taɓa tayar da shi a cikin mota. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, a rufe, cikin akwatin da aka huda daga ƙasa zuwa waje, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Bayan mota ne wurin da wata mota kan daki taka a cunkoso, ba wurin gas ba ne sam.

Jakar ta ɗauki abin da ke cin wuri ba nauyi: barguna, rigunan sanyi, tabarma, tanti, takalma, kayan wanki. Za ka sha mamakin filin da za su bar maka.

Kada ka rataye ta a jikin ƙofar baya. Ƙofar Hiace sama take ɗagawa, sanduna biyu ne ke riƙe ta, kuma daidai nauyinta aka yi su. Ka ƙara mata kaya, wata rana ta faɗo wa yaro a ka. Sannan igiyar da aka zura ta bakin ƙofa tana danne robar da ke toshe iska, hayaƙin salansa ya riƙa shigowa. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ga yara suna barci a baya. Wannan kam ba na wasa da shi.

Ka sami mai walda da ya san aikinsa ya yi maka ɗan dandamalin ƙarfe da aka kafe da noti a shasi, ba a bamba ba. Ya nisanta shi da bakin salansa, don zafinta na narka jaka. Ya bar hanyar buɗe ƙofa da ta sauko da safaya. Lambar mota da fitilun burki da na sigina su fito sarai, in ba haka ba jami'an kiyaye haɗurra za su tsayar da kai, kuma da gaskiyarsu.

Wajen saye, nemi ta tamfol mai kauri wadda ake nannaɗe bakinta a ɗaure. Mai zif takan sha ruwa, da hunturu kuma bayan mota ne ƙura ke taruwa, don haka kowane bargo ya fara shiga leda. Ɗauri da bel mai maɗauri, ba robar tif ba. Kaya kan lafa bayan an ɗan yi tafiya, sai ka tsaya a Tilden Fulani in Bauchi ka nufa, ko Mararrabar Jama'a in Abuja ce, ka ƙara tamke shi.

Abinci kuwa ko biskit kada ya shiga jakar in Yankari za ku, birran sansanin Wikki sun ƙware a buɗe kaya. Takardu da waya da kuɗi su ma ciki, musamman idan za ku bi cunkoson Maraba da Nyanya da yamma.