Azurfar Sultan Abdulhamid, da Batun Istanbul ko Andalus

Tambaya: Malam wani ya turo min hoton tsabar azurfa a WhatsApp wai ta zamanin Sultan Abdulhamid na Daular Usmaniyya ce, an rubuta 1293 a jiki, yace tun farkon mulkinsa aka buga ta kuma babu irinta, kuɗin da ya sa mata ba kaɗan ba. In saya? Daga wani ɗan uwa a Maraɗi.

Amsa: Ɗan uwa ka dakata tukuna. Wannan 1293 ɗin ba ita ce shekarar da aka buga kuɗin ba, shekarar Hijira ce da Abdulhamid na biyu ya hau mulki wato 1876, kuma al'adar Usmaniyawa ce su riƙa maimaita shekarar hawan sarki a jikin kuɗi har ya sauka, shi kuwa sai 1909 aka sauke shi, kaga duk kuɗin da aka buga a shekaru talatin da ukun nan 1293 za ka gani. Ka juya ɗaya gefen inda tambarin sarki yake, wannan rubutun mai lanƙwashe-lanƙwashe da suke kira tugra, a ƙasansa akwai wata ƴar ƙaramar lamba, ita ke nuna a shekara ta nawa ta sarauta aka buga. In kaga 20 to maganar farkon mulki ta faɗi kenan. Batun babu irinta kuma zancen ɗan kasuwa ne, kuɗin kashewa ne da jama'a suka yi ta cefane da shi, an buga su da yawa.

Kar ka tura ko sisi akan hoto. A kawo ta ku je wajen maƙerin azurfa ya ɗora a sikeli, babbar mai kurush ashirin (kurush sunan kuɗinsu ne) nauyinta wajen giram 24 ne. Maganaɗisu in ya kama ta jabu ce kai tsaye, amma rashin kamawa ba hujja bane don tagulla ma baya kama ta. In ta tabbata ka saya don son tarihi, wallahi abin riƙewa ne, amma ba jari bane.

Tambaya: Ni da maigida mun tara kuɗin tafiya ɗaya tak, ina son ganin wuraren sarakunan Musulunci, shi yana cewa Sifen ni ina cewa Turkiyya.

Amsa: Hajiya ina bayanki, a ba Alhaji haƙuri. Alhambra da ke Granada a Sifen, wato tsohuwar Andalus, kyakkyawa ce ba musu, fadar sarakunan Banu Nasr da mulkinsu ya ƙare a 1492, sai dai ga wahalar bizar Turai sannan tikitin shiga cikin fadar da lokaci ake yankarsa kuma yana ƙarewa tun da wuri. Istanbul kuwa gari ɗaya ne ya tara komai. Kabarin Muhammad Alfatih wanda ya ci garin a 1453 yana ɗan shekara 21 yana harabar masallacinsa, ga masallacin Sulaimaniyya da magini Sinan ya kammala a 1557 shi ma Sultan Sulaiman Alƙanuni a nan yake kwance, kuma duk masallatai ne da ake salla a ciki har yau ba sai kin sayi tikiti ba. Inda za ki biya shi ne fadar Topkapi, kuma ta ci kuɗinta, musamman ɗakin kayan amana, wato kayan tarihin da ake jingina wa Annabi (SAW) da sahabbansa, da Sultan Salim ya fara tarawa bayan ya ci Masar a 1517, ana karatun Alƙur'ani a wurin kina wucewa kina ji. Sarakunan wannan fadar ne fa Mai Idris Alooma na Borno ya aika wa jakadu zamanin Murad na uku.

Ku ware wa fadar Topkapi yini guda cur, kuma kar ku sa ta ranar Talata don a rufe take. Da asuba ɗaya kuma ku ɗauki tasi zuwa unguwar Ayyub ku yi salla, a nan makwancin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake.