Hukuncin kwafar zanen rigar wani a Roblox, da matsayin shaidar manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne, ina zaune a Mabera nan Sakkwato. Ina zana rigunan da 'yan wasa ke sanya wa mutum-mutuminsu a Roblox, wani dandalin wasanni na intanet, ana saye da kuɗin wasan da ake kira Robux. Mako biyu na kwashe ina zana wata riga mai aikin aska takwas, sai ga ta a shagon wani, launi kawai ya sauya mata, ya kuma karya farashi. Abokina ya saka hotunan cikin wata manhaja, ta ce abu ɗaya ne, har ta nuno rigunan wasu mutum biyu masu kama da tawa. Wannan sata ce a shari'a, tunda ba yadi ba ne? Kuma ya halatta in tona musu asiri su ukun?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, rashin yadi da zare bai cire wa aikinka daraja ba. A mazhabarmu ta Malikiyya amfani shi ma dukiya ne, shi ya sa ake biyan ladan ɗinki da hayar gida. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta kuɗi, kuma bai halatta a keta su ba. Wanda ya sauke zanenka ya ɗora da sunansa yana sayarwa ya ci dukiyarka ta hanyar ɓarna, abin da aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana. Ya kuma yaudari masu saye. Manzon Allah (SAW) ya ce mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sanya tufafi biyu na ƙarya ne, Buhari da Muslim suka ruwaito. Ba irin satar da ake yanke hannu ba ce, amma haram ce. Wajibi ne ya sauke rigar, ya biya ka abin da ya samu a kanta ko ya nemi yafewarka.

Inda nake so ka tsaya ka natsu shi ne maganar manhaja. Da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji rage hoton suke yi ya zama ɗan ƙarami, su cire launi, su mayar da tsarin haske da duhunsa gajeriyar lamba. In lambobin hotuna biyu suka yi kusa sai su ce an yi kama. Shi ya sa sauya launi bai ɓoye mutumin farko ba. Amma duk rigunan wannan nau'in a kan allon awo ɗaya ake zana su, mai faɗin ɗigo 585 da tsawon 559 (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo), hannu a gurbin hannu, ƙirji a gurbin ƙirji. Farare biyu masu aiki a ƙirji za su yi kama ko da masu su ba su taɓa jin labarin juna ba. Manhajar ta san kama, ba ta san wa ya riga wa ba.

A fiƙihu wannan ƙarina ce, wato alama. Shari'a tana aiki da alama: rigar Annabi Yusuf (AS) da aka keta ta baya ce ta wanke shi. Sai dai alama tana da ƙarfi da rauni, kuma ƙa'ida ita ce hujja a kan mai da'awa take. To duba abin da ke hannunka. Kowace riga a dandalin tana da lambarta da ranar da aka ɗora ta, ka gwada taka da tasu. Ka adana ainihin fayil ɗin da ka yi aikin a ciki, mataki-mataki. Sannan ka ƙara girman hotunan ka nemi kuskurenka. In akwai wata aska da hannunka ya goce ta ɗan karkace kusa da aljihu, ka tarar da wannan karkatar a daidai wurin a rigar wani, wannan alama ce mai ƙarfi ƙwarai, domin mutum biyu ba sa yin tuntuɓe ɗaya a ɗigo ɗaya.

Sauran biyun kuwa, kada ka manta aska takwas ba kai ka ƙirƙiro ta ba. Masu ɗinkin hannu sun gaje ta kaka da kakanni, ka zaga kasuwar garin nan za ka gan ta a wuyan riguna ba adadi, babu telan da ke kai ƙarar wani a kanta. Naka shi ne zanen da hannunka ya fitar. Wanda ya kalli rigar mahaifinsa ya zana tasa bai taɓa haƙƙinka ba, kuma kiran sa ɓarawo saboda zato ya shiga hanin aya ta 12 a Suratul Hujurat.

Saboda haka ban halatta maka tona asirin su ukun ba. Wanda hujja ta tabbata a kansa, fara tura masa saƙo tsakaninka da shi. Yara ƙanana sun yi yawa a wasan nan, mai yiwuwa bai ma san laifi ba ne. In ya ƙi, kai ƙorafi ga kamfanin Roblox. Na Amurka ne, yana bin dokar ƙasar ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke abin da aka kwafa. Takardar tana neman ka tabbatar da gaskiyar da'awarka, don haka kada ka saka rigar da kake shakka a kanta. In aka sauke ya sake ɗorawa, ya halatta ka faɗakar da abokan sana'arka da abin da ya faru kaɗai, ba zagi ba ƙari, domin aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta wannan izinin.

Duk wannan in rigar kanta ta halal ce, ba mai koyi da tsiraici ko alamar shirka ba. Wallahu a'alam.