Ina son karanta tattalin arzikin kamun kifi: wane kwas zan cike, me zan saya?

Tambaya: Ni ɗan masunta ne daga Yawuri, na gama sakandare. Ina son karatun tattali da kula da harkar kifi a jami'a. Wane kwas zan cike a JAMB, kuma wane kaya zan tanada?

Amsa: Ƙanena, a jami'o'inmu wannan fanni yana cikin digirin kamun kifi da kiwonsa ne, a tsangayar aikin gona. Akwai shi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Bayero ta Kano, da ta Maiduguri. Shekara 5 ne, kuma akwai shekarar aikin gani da ido a gona. Ka dage da kimiyyar sinadarai, da ta halittu ko noma, da lissafi. Idan makinka bai kai ba, kwalejin fasahar kifin ruwan daɗi ta tarayya da ke New Bussa tana ba da difloma, daga nan ka shiga jami'a kai tsaye.

Shawararmu, kada ka yi wasa da lissafi. Ɗauki misalin kiwon tarwada. Ka zuba 'ya'ya 1,000, ɗari suka mutu, saura 900, kowanne ya kai kilo ɗaya. Idan kilo 1.2 na abinci ke ba da kilo ɗaya na kifi, kifayen sun ci kilo 1,080 na abinci ke nan, wato buhu 72 mai kilo 15. Abinci shi ke cinye mafi yawan jarin, saboda haka wanda bai rubuta abin da ya watsa kullum ba, sai ranar da dillali ya zo da sikeli zai gane ya yi asara.

A kogi kuwa matsalar daban ce. Ruwa na kowa ne, kowa na ƙara jirgi da koma mai ƙananan ido, ana kwashe kifi tun bai yi ƙwai ba, kamu na raguwa, kuɗin fita na ƙaruwa. Za a koya maka ƙididdigar kamu, girman idon raga da lokacin hutar da ruwa. Sanin da ka yi wa aikin sarkin ruwa zai amfane ka ƙwarai.

Batun saye, fara da kwamfuta ko da ta hannu ce, muddin tana ɗaukar manhajar lissafi ta Excel, sai kalkuleta ta kimiyya da takalmin roba. Na'urar gwajin ruwa ka dakata tukuna, sashenku a jami'a yakan tanada.