Hukuncin jinginar da gona don zuwa jami'a mai suna alhali akwai ta kusa da gida

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne daga wani ƙauye kusa da Kalgo. Na ci jarabawar JAMB da maki mai kyau, kuma kimiyyar kwamfuta nake son karanta. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana kusa da mu, zan iya zuwa daga gida in dawo, amma zuciyata tana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya saboda sunanta. Baba manomin shinkafa ne. Ya ce idan Zariya nake so zai jinginar da fadamarmu ga wani ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi, mutumin ya riƙa nomawa har ranar da aka biya shi. Inna ba ta so, tana tsoron hanya. Ina da ƙanne biyar. Abokaina suna cewa ai ko a addini an ce a nemi ilimi ko a birnin Sin ne. Mene ne hukunci a kaina?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya sanya albarka a karatunka. Karatu a Kalgo halal ne, karatu a Zariya halal ne, shari'a ba ta fifita ƙofar wata jami'a a kan wata ba. Abin da hukunci ya rataya a kansa a tambayarka shi ne hanyar da za a samo kuɗin, da haƙƙin mutanen da za su ɗauki nauyin tafiyar. Da wannan na auna, kuma abin da nake gani shi ne ka zauna gida ka yi digirinka na farko.

Maganar birnin Sin da abokanka suke kawowa ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba, malaman hadisi sun raunana ta ƙwarai. Ba ma buƙatarta, domin fita neman ilimi tana da dalilai masu ƙarfi. Annabi Musa (AS) ya yi tafiya har ya gaji don ya sadu da Halliru, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya. Amma ka lura da abin da ya fitar da su: ilimin da suka je nema babu shi a inda suke. Imamu Malik kuwa, da yake malaman da yake buƙata suna Madina, a nan ya yi karatunsa, kuma daga baya duniya ce ta riƙa zuwa ƙofarsa.

A kan wannan ne malaman Malikiyya suka gina hukuncin. Ilimin da yake farilla a kan kowane mutum, kamar sanin tsarki da salla, iyaye ba su da ikon hana ɗa fita nemansa idan babu mai koyar da shi a garin. Ilimin da yake farillar kifaya, wato wanda idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, kamar likitanci da injiniyanci da wannan naka na kwamfuta, iyaye suna da ikon hana tafiya dominsa matuƙar akwai mai koyar da shi a kusa, balle idan akwai haɗari a hanya. Kai kuwa duka biyun sun haɗu a kanka. Kwas ɗin yana bakin ƙofarku, kuma tsoron mahaifiyarka ba raki ba ne. Duk wanda yake bin hanyar Gusau da Tsafe zuwa Funtuwa a 'yan shekarun nan ya san yadda mota take yin tsit idan an shiga wasu wurare, kai kuma za ka bi ta ne duk farkon zango da ƙarshensa har shekara huɗu. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce e, sai ya ce ya koma ya yi jihadinsa wajen yi musu hidima. Bukhari da Muslim ne suka rawaito. Yardar mahaifi ita kaɗai ba ta share haƙƙin mahaifiya.

Mu mutanen ƙasar Gwandu muna da misali a gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya ɗaura niyyar wucewa hajji, Shehu ya juyo gida, saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiyar ba. Ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu ne ya ba da labarin. Makka ce fa aka fasa a nan, ba Zariya ba.

Yanzu ga inda tambayarka ta fi nauyi, ko da yake kai ka wuce ta a layi ɗaya: jinginar fadama. Jingina a kanta halal ce, Alƙur'ani ya ambace ta a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma Annabi (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Amma aikin jingina shi ne ta zama tabbaci ga mai bin bashi cewa kuɗinsa ba za su salwanta ba. Irin wadda ka bayyana, a ba da rancen kuɗi, mai kuɗin ya karɓi gona yana nomawa yana kwashe amfani shekara da shekaru, sannan a ƙarshe a mayar masa da kuɗinsa cif, wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma malamai sun sanya shi a babin riba. A mazhabar Malik ba a yarda mai bin bashi ya ci amfanin abin jingina ba idan bashin na rance ne, ko da mai gonar ya ce ya yafe, domin yafewar wanda ya matsu ba yafewa ba ce. Na san abin ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu har an daina ganin muninsa, amma yawan masu yi ba ya halatta shi.

Ka zauna ka yi lissafin da kanka. Fadamar da ake noma damina a kuma yi na rani, buhunan shinkafar da take bayarwa su ne tuwon gidanku, su ne takin baɗi, su ne kuɗin makarantar ƙannenka da na asibiti. Idan ta bar hannun Babanku, da me zai tara kuɗin fansarta? Abin da zai biya bashin da shi ne aka karɓe. Shi ya sa gonakin jingina da yawa ba sa dawowa, sai mai gona ya rasu a bar magada da shari'a a gaban alƙali. Idan har dole ce ta kama wani gida, mafita ta halal ita ce a ba da hayar gonar na shekaru sanannu a kan kuɗi sananne, wa'adi na cika gona ta dawo ba tare da an mayar da komai ba. Ku kuma ba ku kai ga dole ba.

Ka kuma sani, a mazhabarmu ciyar da ɗa namiji yana kan uba ne har ya balaga yana mai iya nema. Abin da Babanka yake yi maka bayan wannan kyautatawa ce, ba bashi kake binsa ba. Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ba ya cikin biyayya ka karɓi tayin da ka san kunya da ƙauna ne suka sa uba ya yi shi. Sannan ga hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya ware shi da kyauta, Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Kashe wa mai karatu fiye da wanda ba ya yi ba zalunci ba ne, buƙata ce ta bambanta. Amma a ɗauke abin da gida duka ya dogara da shi a zuba a kan mutum ɗaya, mutum biyar suna layi a bayansa, wannan sai an yi hattara.

Ba zan ɓoye maka ba, son Zariya ba laifi ba ne, kuma ba suna kawai gare ta ba. An kafa ta a 1962, ta yaye mutanen da suke ko'ina a ma'aikatun ƙasar nan, kuma zama da ɗalibai daga kowace jiha ilimi ne da ba a rubuta shi a allo. Ta Birnin Kebbi a 2013 aka kafa ta, tana tasowa ne. Sai dai fannin da ka zaɓa yana cikin waɗanda ake tambayar me ka iya kafin a tambayi ina ka yi. Kuɗin mota da na ɗaki da na abincin zangon farko a Zariya, idan aka haɗa, ka fi buƙatar su a kwamfuta mai kyau da data da ɗan sola na caji. Kuma ƙofar Zariya ba ta rufe ba. Ka fita da sakamako mai kyau, ka koma can digiri na biyu da kuɗin hannunka.

Kafin ka cike takardar canjin makaranta a JAMB, ka tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin a inda za ka, ka je sashen da ƙafarka ka tambayi ɗaliban aji uku da huɗu yadda ake koyarwa. Ka duba ta jiha da ke Aliero ma, ita ma ba ta yi muku nisa ba. Idan kuɗin rajista ya yi nauyi, akwai rancen ɗalibai na NELFUND da dokar 2024 ta tanada, wanda aka ce babu ruwa a kansa, kuma sai bayan bautar ƙasa da shekara biyu ake fara biya. Rancen da babu ƙari a cikinsa halal ne, amma ka karanta sharuɗɗan da idonka, kuma ka ɗauke shi a matsayin bashin da za ka biya, ba rabon gwamnati ba. Ya tabbata a Muslim cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi.

Wannan amsar taka ce da halin gidanku, kada wani ya ɗauke ta ya ɗora wa kansa. Da kwas ɗin babu shi a kusa, ko ba a amince da shi ba, ko ka samu tallafin karatu da zai ɗauke nauyin, ko Babanka mai hali ne kuma Inna ta saki ranta, da na ce maka ka tafi, kuma tafiyar ta fi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya samu kafin a rufe canji, ka sake zama da su biyun tare, ka yi istihara kamar yadda ta zo a hadisin Jabir. Jinginar da aka bayyana min kuwa ba ta halatta ba ko da Inna ta yarda, kuma kai ne ya kamata ka je ka ce wa Baba, cikin ladabi, ka janye buƙatar.

Wallahu a'alam.